Abin da Wuƙar Aljihu Ta Koya Mini

A garuruwanmu na yau, da zarar an ji cewa wane yana yawo da wuƙa a aljihu, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne daba da ƙwacen waya. Jama'a suna da hujja, domin sun ga abin da ya ishe su. Amma tun kafin ɓata-gari su zubar mata da mutunci, wuƙa abokiyar sana'a ce. Mahauci ba ya fita sai da ita, haka baduku, haka mai rake da mai lemo da mai tsire. Wanzami yana da askarsa a zabira, malamin allo yana da 'yar wuƙar feƙe alƙalami, makiyayi yana da tasa a kube. Ni ma shekara da shekaru ke nan ina ɗauke da ƙaramar wuƙa mai naɗewa, kuma sannu a hankali sha'awarta ta kai ni ga tara ire-irenta. Duk abin da na koya a wannan harka yana komawa ga magana ɗaya: kaifi amana ne, kuma ana gane mutum ta yadda ya riƙe shi.

Darasi na farko shi ne, mai wuƙar aljihu hadimin jama'a ne. Yawancin aikin da tawa take yi ba nawa ba ne. A kawo buhun masara a rasa abin farke ɗinkin bakinsa, a zo wurina. Igiyar ragon layya ta sarƙe a turke, a kira ni. Yaro ya zo da fensir ya karye, maƙwabci yana son fere wayar lantarki, abokin tafiya ya sayo mangwaro a hanya, duk aikinta ne. Ba wani babban abu ba ne, amma rayuwar yau da kullum cike take da irin waɗannan ƙananan cikas, kuma akwai daɗi mutum ya zama wanda ake warware su a hannunsa.

Wata rana a tasha mun sauka daga mota, wata dattijuwa tana fama da ƙunshin kayanta. An ɗaure shi da igiyar roba, ƙullin ya cije ƙam. Na ce, “Iya, kawo in yanke miki.” Na buɗe wuƙa zan sa a tsakiyar igiyar ke nan, sai ta dafa hannuna ta ce, “Ɗan nan, yanke daga gindin ƙullin, igiyar tana da sauran aiki.” Na bi umarninta. Guntun da ya faɗi bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ta naɗe sauran ta cusa a jaka, ta sa mini albarka. Wannan magana ta zauna mini. Abin da aka yanke ba ya komawa yadda yake, saboda haka mai hankali yana duba wurin da asara za ta fi ƙanƙanta kafin ya sa baki. Na sha tuna ta a wajen rabon gado da sulhun 'yan'uwa, inda wuƙa da nama suke hannun mutum, kuma yana iya yanke fiye da abin da ake bukata.

Darasi na biyu na washi ne. Mutane da yawa suna zaton dakusasshiyar wuƙa ta fi sauƙin hatsari. Ba haka abin yake ba. Dakusasshiya sai an danna ta da ƙarfi, in an danna kuwa sai ta zame, in ta zame kuma yatsa ne a gabanta. Mai kaifi tana bin inda aka nufe ta da ɗan ƙarfi kaɗan.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Legas, shi ya nuna mini yadda ake yi. Yakan jiƙa dutsen washi da ruwa, ya kwantar da ruwan wuƙar a kai, ya ɗan ɗaga bayanta kimanin kaurin tsabar kuɗi biyu, sa'an nan ya tura ta gaba kamar mai son fere ɓawon dutsen. Daga gindi zuwa tsini, a hankali, ba tare da ya sauya yadda ya karkata ta ba. Can sai ya shafa babban yatsa a ɗaya gefen, daga bayan wuƙar zuwa bakinta. Idan ya ji wani siririn ƙarfe yana ɗan karce shi, ya san wannan gefe ya kai, sai ya juya. A ƙarshe ya goga ta a bayan tsohon bel na fata, yana jan ta baya, har siririn ƙarfen nan ya fita. Gwajinsa nunannen tumatir ne: in ta shiga ba ta lotsa shi ba, aiki ya yi. Yakan ce mini, “Yaro, ba ƙarfin hannu ke wasa wuƙa ba, tsayawa a kan abu ɗaya ne.” Mai gaggawa yana cinye ƙarfe ne kawai, bai samu kaifi ba.

Addininmu ma bai bar wannan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a wasa wuƙa kafin yanka domin a hutar da dabba. Ke nan kyautata kayan aiki wani ɓangare ne na tausayi.

Kula ba ta tsaya ga washi ba. Wuƙar da aka yi da baƙin ƙarfe tana saurin ɗaukar kaifi, amma in ka yanka lemon tsami ka naɗe ta ba ka goge ba, gobe ka tarar da tsatsa. Wadda ba ta tsatsa, saboda sinadarin kuromiyam da aka gauraya a ƙarfenta, ta fi jure sakaci. Mai ƙotar itace kuma tana jin yanayi: da damina itacen ya kumbura ya riƙe ruwan wuƙar, sai an ɗan ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a tebur ta sako, da hunturu kuwa ta saki. Ɗigon mai a mahaɗa, gogewa bayan aiki, da fitar da ƙurar aljihu da tsinke, su ne duk abin da take nema.

Darasi na uku tarawa ce ta ba ni shi. Kowace wuƙa tana ɗauke da labarin mutanen da suka ƙera ta da bukatar da ta sa aka ƙera ta. Jar wuƙar nan mai tambarin gicciye, ta kamfanin Victorinox, asalinta kayan soja ce. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach na ƙasar Suwizalan a 1884, kuma a 1891 ya fara kai wa rundunar ƙasar wuƙar da soja zai buɗe gwangwanin abinci da ita, ya kuma kwance bindigarsa. A 1897 ya yi rajistar samfurin hafsoshi, wanda shi ne ya yaɗu a duniya, har aka riƙa ƙara masa almakashi da zarto da hantsaki da tsinken sakace. Opinel kuwa wuƙar manoma ce. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, ƙota ta itace, ruwa guda ɗaya, girma-girma da lamba. A 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfe da ake murzawa ya kulle ruwan don kada ya rufe a kan yatsu. Lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ita ce ta fi shiga hannun mutane.

Waɗanda suka fi sa ni tunani su ne biyu da suka yi suna a Afirka. Okapi an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902, domin a sayar a ƙasashen da Jamus ta yi wa mulkin mallaka, kuma a 1988 aka mayar da ƙerarta Afirka ta Kudu. Douk-Douk kuwa kamfanin Cognet ne ya fito da ita a garin Thiers na Faransa a 1929. An yi ta ne don tsibiran tekun Fasifik, can ba ta karɓu ba, sai ta samu kasuwa a Arewacin Afirka. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninke, ba ado ba ƙyale-ƙyale, ga araha ga kaifi. Dukansu biyu wuƙaƙen talaka ne, na manomi da lebura da ɗan kasuwa. Dukansu biyu kuma sun yi ƙaurin suna: Okapi a hannun 'yan daban Afirka ta Kudu da na Jamaika, Douk-Douk a zamanin yaƙin Aljeriya. Ƙarfen bai sauya ba, hannun da ya riƙe shi ne ya bambanta. Duk lokacin da na ɗauki ɗayansu nakan ji nauyin wannan gaskiya.

Shi ya kai ni ga darasi na huɗu, wato ladabi da sanin iyaka. Wuƙar aljihu ba makami ba ce, kuma duk wanda ya sa ta a aljihu da nufin kare kai ya riga ya ɗauko wa kansa masifa, domin gardamar da za ta ƙare a cacar baki tana iya ƙarewa a asibiti ko a gidan yari. Ba na fito da ita cikin fushi, ba na wasa da ita a taro, ba na nuna mutum da ita ko da raha. In zan miƙa wa wani, sai na naɗe ta, ko in juya masa ƙota. In zan yanka abu, baki yana fuskantar waje, nesa da jikina da na wanda ke kusa. Wannan ma koyarwar Annabi ce, wanda ya hana a nuna ɗan'uwa da makami, ya hana a miƙa takobi tsirara, ya kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni.

Akwai kuma wuraren da ake barin ta a gida: makarantar yara, kotu, filin taron siyasa, gidan kallon ƙwallo, da duk tafiyar dare a lokacin da gari ba lafiya. Jami'in tsaro da ya tare ka a hanya ba ya ganin zuciyarka, abin da ke aljihunka yake gani, kuma haƙƙinsa ne ya tambaya. Kowace ƙasa da dokarta. A Ingila, wadda aka yarda mutum ya ɗauka ba tare da wani dalili na musamman ba ita ce mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, kuma ba ta da makulli, saboda haka ko Opinel mai zobe ba ta tsira ba. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, yawancin filayen jirgin sama suka hana shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu. Wannan ya taɓa cinikin masu ƙera wuƙar Suwizalan sosai, domin da yawanta a shagunan filin jirgi ake saye, har ta kai Victorinox ya saye abokin gasarsa Wenger a 2005. Wanda ke son abu shi ya fi cancanta ya kiyaye dokarsa, don kada a ƙara shafa wa sauran masu shi baƙin fenti.

Darasi na ƙarshe ya shafi son zuciya. Tarawa ba ta da ƙarshe in mutum bai yi mata linzami ba, kullum akwai sabuwa mai ƙyalli. Kasuwa kuma cike take da jabu: ja ce, ga gicciye, ga baki goma sha, amma ruwanta yana lilo a mahaɗa, sifirinta ba ya cewa ƙas in an rufe, kaifinta ba ya kwana. Ta gaske ɗaya ta fi irin waɗannan cike da akwati. Ƙa'idata ita ce, duk wadda ta daɗe a ajiye ba ta yi aiki ba, ta zama rabon wani. Na ba tela, na ba mai gyaran babur, na ba wani ƙanena da ke noman rani. Yaro kuwa ba na ba shi sai na ga hankalinsa, na nemi yardar mahaifinsa, na kuma zaunar da shi ya koyi buɗewa da rufewa da miƙawa.

Abin da ban zata ba shi ne, bin tarihin wuƙaƙen Turai zai mayar da ni rumfar maƙeranmu. Elsener da Opinel ma maƙera ne na ƙananan garuruwa, abin da ya ɗaga su shi ne tsayawa a kan inganci da gyara samfuri ɗaya shekara bayan shekara. Mu ma muna da kayan. Maƙerinmu yana mayar da tsohon sifirin mota wuƙa mai kaifin gaske a wutar gawayin ƙirya. Muna da itace mai ƙarfi na ƙota, muna da dukawa, muna da fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda ta daɗe da yin suna har Turai. Abin da ya rage shi ne masu saye da za su nemi aiki mai kyau, su biya kuɗinsa ba tare da sun karya farashi ba, su kuma dawo su faɗa wa maƙeri inda aikinsa ya yi da inda ya gaza. Yanzu kuɗin da zan sa a wata baƙuwa na fi son in kai shi can. Sana'ar da masu ita suka samu wanda ke girmama ta ba ta mutuwa, kuma matashin da ya koyi ƙera wuƙa da wasa ta don ya ci abinci, da wuya ka same shi yana zare ta a kan ɗan'uwansa.