Finjali Uku a Birnin Agadas

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda na saba, labarin wata tafiya ce da na yi zuwa Agadas ta ƙasar Nijar cikin watan Disamba na shekarar 2022, da yadda ɗan finjalin shayi ya so ya ja min abin kunya a gidan surukan yayata.

Bari in fara daga tushe. Yayata da nake bi wani Ba'abzine ta aura, ɗan kasuwa ne da yake zuwa Kura sarin turkuɗi, wannan baƙin yadi mai sheƙi da mazansu suke naɗawa. Ummanmu ba ta so auren ba ko kaɗan. Ba wai ta ga wani aibu a jikin mutumin ba ne, ita dai nisan ne ya tsaya mata a rai, kullum faɗi take an ɗauke mata 'ya an kai ta inda babu komai sai rairayi da raƙuma. Shekara huɗu ana zaune, in Yaya ta bugo waya gaisuwa ce sama-sama. Da Allah Ya sauki Yaya lafiya ta sami ɗa namiji, sai Umma ta haɗa kayan barka ta ce ni zan kai. Ranar da zan tashi ta ja ni ɗaki ta ce, "Ki buɗe idonki da kyau, ki gano min irin zaman da take yi. Kada ki kuskura ki ɓoye min komai."

Ni da ƙanin Abbanmu muka kama hanya. Daga Kano muka bi ta Kazaure da Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, muka wuce Matamai muka kwana a Damagaram. Washegari da asuba muka shiga motar Agadas, tafiyar kilomita kusan 450. Tun daga Tanut itatuwa suka fara ja da baya, da muka wuce Adarbisanat kuwa sai fili iya ganinka. Can da yamma lis na hango hasumiyar babban masallacin Agadas ta yi tsiri a sama, jar ƙasa ce zalla da itatuwa sun fito ta jikinta kamar ƙaya. Tsawonta mita 27, an gina ta a 1515 aka sake gina ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne Hausa ake yi ko'ina a tasha. Sai na tuna ai mu ma muna da unguwar Agadasawa a cikin birnin Kano, ashe zumuncin ya daɗe.

Mun isa gida ana kiran magariba. Bayan an yi salla an gama murna da koke-koke, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Ni kuwa ga gajiya ga sanyin hunturu, da na ji an ce za a dafa shayi sai raina ya yi fari, na zaci irin namu ne na teburin mai shayi, babban kofi da madara da burodi. Sai ga mijin Yaya ya fito da ɗan kaskon gawayi na waya, da 'yar butar da ba ta fi dunƙulen hannuna biyu ba, da wasu 'yan finjalai na gilashi a kan faranti. Ya zauna ya naɗe ƙafa ya shiga fifita wuta kamar wanda ba shi da sauran aiki a duniya.

Sai da aka shafe kusan rabin awa sannan ya miƙo min rabin finjali, kumfa ta cika sauran rabin. Na kai baki na kurɓa. Wayyo Allah! Ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, ga wani bauri da ya kama min harshe. Ban san lokacin da na yamutsa fuska na dire finjalin ba, na ce, "Yaya, babu madara ne a garin nan?"

Tsakar gidan ta yi tsit. Surukar Yaya, wata dattijuwa doguwa mai kamala, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Mijin Yaya ne ya yi dariya ta bayan rawaninsa ya ce, "Ƙanwata, Kanawa da gaggawa. To bari na biyu ya zo." Ni kuwa na ce barci nake ji, na tashi na shige ɗaki.

Yaya ta biyo ni ta rufe ƙofa. "Kin san abin da kika yi kuwa? Ganyen da ya ɓoye don manyan baƙi ya fasa saboda ke. A nan in an ɗora maka buta ba ka tashi sai an sauke ta uku. Yanzu me kike so tsohuwa ta ɗauka game da gidanmu?" Jikina ya yi sanyi. An aiko ni in gano laifin mutane, ga shi tun daren farko ni ce na fara yin laifin.

Da safe na je na durƙusa gaban tsohuwa na ba ta haƙuri. Ta dafa kaina ta ce, "Ba komai ɗiyata, harshe ma baƙo ne, sai ya kwana biyu yake sanin gari." Mijin Yaya kuwa ya ce hukuncina shi ne in raka shi kasuwa sayen ganye.

A rumfar wani dattijo muka tsaya, a nan na gane ashe ban san shayi ba duk tsawon rayuwata. Ni abin da na sani shi ne ɗan ƙunshin nan mai zare da muke tsomawa a ruwan zafi. Dattijon ya farke guda ɗaya ya zazzage a tafin hannuna, sai ga gari kamar ƙura. Ya ce wannan ɓurɓushin da ya rage ne bayan an tankaɗe ganye, shi ya sa yake saurin ba da launi amma ba ya jure dahuwa biyu. Sannan ya ɗebo min ganye iri biyu, dukansu kore, dukansu daga ƙasar Sin.

Na farko siriri ne a lanƙwashe. Mutanen Sin suna kiransa Chunmee, ma'anarsa gira mai daraja, don kuwa kamar girar budurwa yake. Da lamba ake rarrabe darajarsa, a jikin kwalin da ya nuna min an rubuta 41022. Na biyu an mulmula shi ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar dawa, Turawa suka sa masa sunan albarushi saboda kamarsa, lambarsa 3505. Ya jiƙa kowanne a finjali dabam ba tare da sukari ba, ya ce in kurɓa kaɗan in riƙe a baki kafin in haɗiye. Mai girar nan yana da kaifi, da ɗan tsami-tsami a ƙarshe, bayan ka haɗiye kuma sai wani zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro kamar yadda goro yake yi in ka sha ruwa a kansa. Mulmulallen kuwa ya fi nauyi a baki, yana da ƙamshin hayaƙi kaɗan. Na leƙa cikin finjalin na ga ƙwayoyin sun warware sun koma ganye sosai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da koren da baƙin da muke sha da madara duk itace ɗaya ne. Bambancin a wajen sarrafawa yake. Shi kore ana tsinko shi ake gasa shi a kasko mai zafi don kada ya sauya launi. Baƙin kuwa barinsa ake ya yi yaushi, a murza shi, a bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu, kamar dai yadda goro yake sauyawa in an fasa shi an ajiye. Irin wannan baƙin ake nomawa a ƙasarmu, a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Shi kuwa koren, fatake ne suka bazu da shi cikin Sahara daga wajen Maroko, har ya zama abin karɓar baƙo tun daga Muritaniya zuwa Cadi. A Senegal da zangunan Gana ataya suke ce masa, a Damagaram kuwa samari sun mai da shi abin zaman fada.

Dattijon ya koya min duba ganye. Mai kyau za ki gan shi a murɗe tamau, da ɗan sheƙi, babu gari da yawa a ƙasan kwali, in kin shinshina kuma ki ji ƙamshin ɗanyen ganye, ba warin ajiya ba. Ya ja min kunne a kan ajiyarsa, ya ce ganyen shayi maƙwabcin kirki yake so, duk abin da aka ajiye kusa da shi sai ya kwashi warinsa. Don haka 'yan'uwa a sa shi a gwangwani mai murfi, nesa da turaren wuta da daddawa. Wajen biyan kuɗi kuma na sake yin ƙauyanci, don su da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5, sai da mijin Yaya ya karɓi jakata ya ƙirga da kansa yana yi min tsiya.

Daren nan na zauna tun daga farko, na zuba ido. Ya auna ganye da finjali ya zuba a buta, ya ɗauraye shi da ɗan ruwan zafi ya zubar, sannan ya ƙara ruwa ya ɗora a kan garwashi maras harshe. Da ya dahu ya sa sukari, ya ɗaga butar sama ya tsiyayo siririn ruwa cikin finjali, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta tashi fara sol, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Juyin nan shi yake narkar da sukari ya kuma rage zafi. Ya ɗanɗana tukuna kafin ya ba kowa. Ganyen nan guda shi ake dafawa har sau uku, ruwa da sukari kawai ake ƙarawa.

Na farko na daure na shanye, ɗacin yana nan amma wannan karon na ji ƙamshin da ke bayansa. Na biyu aka jefa na'ana'a, baurin ya kwanta, ɗaci da zaƙi suka daidaita. Na uku kuwa ruwansa fatsi-fatsi, ga zaƙi ga sauƙi, shi ake sam wa yara. Tsohuwa ta ce su a wurinsu na farko ɗacinsa kamar mutuwa, na biyu daɗinsa kamar rayuwa, na uku zaƙinsa kamar soyayya. Na ce, "Inna, ashe jiya tun a mutuwa na gudu." Aka fashe da dariya, har da ita. Aka kawo cuku da dabino muka haɗa. Sai dai fa in faɗa muku gaskiya, daren nan ban runtsa ba sai wajen ƙarfe uku, don shayin yana da ƙarfi. Yaya ma da take shayarwa na uku kawai take karɓa, kuma ba a kan abinci ba, saboda shayi mai kauri yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini.

Kwanana 12 a Agadas. An kai ni ƙofar fadar Sarkin Abzin, na ga gidan da Bature Heinrich Barth ya sauka a 1850, na ga maƙeran azurfa, na ga kantun gishirin Bilma a kasuwar raƙuma. Amma abin da Umma ta aike ni in gano, a gindin butar nan na gan shi. Kullum bayan isha'i mutumin nan zai zauna fiye da awa guda a tsakar gidansa, da hannunsa zai dafa, da hannunsa zai miƙa wa mahaifiyarsa, ya miƙa wa matarsa. A tsakanin finjali da finjali ake maganar cefane, da ciwon cibiyar jariri, da bashin da wani ya ƙi biya. Ran nan na ga sun ɗan sami saɓani da rana, Yaya ta sha kunu. Da dare ya miƙa mata finjali ta kau da kai, ya riƙe shi a haka bai sauke hannu ba har ta gaji ta karɓa. Kafin a sauke buta ta uku na ji suna dariya. Na tuna gidaje nawa na sani a unguwarmu da maigida yake shan nasa shayin a majalisa, sai sha ɗaya ya shigo ya tarar kowa ya yi barci.

Ba zan ce muku Yaya ba ta da matsala ba. Ruwa yana yi musu wuya, ga zafin bazara da ta ce ba a magana, ga kewar gida da na gani a idonta ranar da zan taho. Duk na faɗa wa Umma ban rage komai ba. Ta yi shiru tana saurare, ta ce, "Shi ke nan abin da kika gani?" Na ce saura ɗaya, amma sai da dare.

Bayan isha'i na fito da buta da finjalai da kwalin mai gira da tsohuwa ta ba ni in kawo mata. Na hura gawayi, na yi ta fama, rabin shayin a ƙasa ya ƙare, kumfar ma ƙin tashi ta yi. Umma ta kurɓi na farko ta yamutsa fuska daidai yadda na yi, ta ce, "Wannan wace irin azaba ce?" Na ce, "Umma ki yi haƙuri, ba a tashi sai an sha uku." Ina dafa na biyu ina ba ta labarin hannun da ya ƙi saukewa. Ba ta ce komai ba. Muna cikin na uku ta juya finjalin a hannunta ta ce, "Kika ce kwana nawa ne a hanya?"

Allah bai nufa ta je a lokacin ba, don an rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Bayan ƙaramar sallar shekarar ta shirya ta tafi, ta yi wata guda cur. Yanzu haka gwangwanin ganyenta yana cikin kwaba, ta hana kowa taɓawa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wadda ta gwada dafawa kumfa ta ƙi tashi, ta ƙara ɗaga butar sama kaɗan, kuma ta shimfiɗa tsumma a ƙasa tukuna.