Kare Ma Yana Tashen Balaga

A ƙasar Hausa an san kare da aiki biyu, wato farauta da gadi. Mafarauci yana ji da karensa kamar yadda makiyayi yake ji da sandarsa, mai gida kuma yakan bar nasa a bakin ƙofa saboda ɓarayi. Amma a ce mutum ya zauna yana taje gashin kare, yana ƙirga watanninsa, yana kai shi wurin likita, wannan abu ne da yawancinmu ba mu saba gani ba sai da karatu ko neman abinci ya kawo mu Kudu. Abin da nake son in ba 'yan'uwana ɗalibai labari a kansa shi ne yadda na yi renon wani ɗan kwikwiyo, da irin gwagwarmayar da muka sha a lokacin da ya shiga tashen balaga. Ko da yake wani zai yi dariya, kare ma yana da wannan lokaci, kuma a cikinsa ne ake gane mai haƙuri.

Ina zaune ne a gidan kawuna a Badun, daga nan nake zuwa makaranta. Wata maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar makaranta, karyarta ta haihu, sai ta yi wa Kawu tayin ɗaya daga cikin 'ya'yan. Da ma ɓarayi sun taɓa tsallako katanga sun ɗauke mana janareta, don haka ya karɓa, amma da sharaɗi uku. Kare zai zauna a tsakar gida don gadi, ba zai shiga ɗaki ba. Zai kasance da kwanonsa daban. Sannan duk ɗawainiyarsa tana wuyana. Yana da wata biyu aka kawo shi, fari fat, gashinsa a nannaɗe, shi ya sa yaran gida suka raɗa masa suna Auduga.

Irin wannan kare shi ne ake kira fudul. Mu ɗaliban harshe mun san dalilin da ya sa bakin Bahaushe ya mayar da harafin farko na sunan zuwa "f", kamar yadda ya yi wa fensir da famfo. Asalin sunan daga Jamusanci ne, Pudel, kalmar da ke da nasaba da facal-facal a cikin ruwa. Faransawa kuwa caniche suke ce masa, daga kalmarsu ta macen agwagwa. Sunayen biyu sun tona asirin sana'arsa ta asali, wato shiga ruwa ya ɗauko wa maharbi agwagwar da ya harbo. Akwai manya, akwai matsakaita, akwai kuma ƙanana da ake ɗauka a hannu. Auduga cikin manyan yake, waɗanda nauyinsu yakan haura kilo 20. A littafin da Stanley Coren ya fitar a 1994 kan basirar karnuka, fudul ne ya zo na biyu wajen saurin ɗaukar horo. Sai dai mai kaifin ƙwaƙwalwa, kamar yadda yake saurin koyon abin kirki, haka yake saurin koyon ɓarna.

Watannin farko lami lafiya suka wuce. An yi masa alluran rigakafinsa, har da ta ciwon haukan kare da ake yi idan kwikwiyo ya kai wata uku. Kafin ya cika wata biyar ya san "zo" da "zauna" da "bari". Duk inda na sa ƙafa yana biye da ni. Baƙi idan sun zo sai Kawu ya ce in nuna musu abin da karen ya iya, a yi ta mamaki.

Daga wata bakwai zuwa takwas sai al'amura suka juye. Haƙoransa na yarinta guda 28 sun zube, na manya guda 42 sun fito, ga shi kullum yana neman abin tauna. Ya tauna tiyon ruwa, ya tauna tsintsiya, ya yage buhun gawayi ya koma baƙi ƙirin. Ya fara ɗaga ƙafa yana fitsari a tayar motar Kawu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, idan na ce "zo", sai ya tsaya ya dube ni, ya karkata kai kamar bai taɓa jin kalmar ba, sannan ya ci gaba da harkarsa. Sau biyu yana samun ƙofar gida a buɗe ya fice a guje, a unguwar da babura da motoci ba sa ɗaga ƙafa.

Ranar da tura ta kai bango ita ce ranar da ya samu takalmin fatar da Kawu yake zuwa masallacin Juma'a da shi, ya raba shi da marufinsa. Da daddare Kawu ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, na karɓi kare don ya tsare mini dukiya, ga shi shi ne yake cinye ta. Gobe ka nemi wanda zai ɗauke shi." Na durƙusa na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu. A ba ni wata uku. Idan bai gyaru ba, ni da kaina zan fitar da shi." Ya yi shiru, can ya ce, "Wata uku, ban ƙara maka ko kwana ɗaya ba." Na san idan Auduga ya bar gidan nan da wannan hali, babu mai riƙe shi da daraja. Ƙarshensa ɗaurin sarƙa a bayan wani gida ko kuma yawon bola.

Likitan dabbobin da muke zuwa wurinsa ya kwantar mini da hankali. Ya ce karen bai lalace ba, balaga ce, kuma takan fara daga wajen wata shida, a manyan karnuka ta kai har wata 18 ko shekara biyu. Jiki ya girma, sha'awa ta motsa, amma hankalin da zai riƙe su bai gama nuna ba. Daga baya na karanta wani bincike da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle a Ingila ta jagoranta, wanda aka buga a 2020. An gwada karnukan da ake reno don yi wa makafi jagora, aka ga cewa a wata takwas sun fi ƙin bin umarnin "zauna" fiye da lokacin da suke wata biyar. Abin mamaki, mai renonsu kawai suke yi wa wannan taurin kai, idan baƙo ne ya ba da umarnin sai su bi. Duk wanda ya taɓa ganin saurayin da ke gaishe da dattawan unguwa da ladabi amma ya dawo gida yana kumbure-kumbure, ya san wannan hali.

Ga yadda muka ci wata ukun nan. Da farko na tara yaran gida muka daidaita harshe. Gidanmu ana Hausa, ana Yarabanci, ana Turanci, sai ya zama wannan ya ce "zauna", wancan ya ce "jokoo", wani kuma ya faɗa da Turanci. Kare bai san ma'ana ba, sauti yake haɗawa da aiki, saboda haka muka tsayar da kalma ɗaya ga kowane umarni. Na biyu, na samo igiya mai tsawo, ina fita da shi da sassafe kafin in tafi lacca, da kuma yamma idan rana ta yi sanyi. Idan na kira shi ya zo, sai in ba shi ɗan guntun dafaffiyar hanta, in sake shi ya koma wasa, don kada ya ɗauka kira yana nufin ƙarshen jin daɗi. Darasi ba ya wuce minti goma. Na uku, na ba shi aikin kakanninsa. Ina jefa ƙwallo ya ɗauko, ina ɓoye abinci a tsakar gida ya nemo da hanci, wani lokaci in cika masa baho da ruwa ya yi ta facal-facal. Karen da ya gaji ba ya neman takalmi. Takalman ma muka koma ajiye su a inda bakinsa ba ya kai. Duka kuwa ba mu sa shi a ciki ba, domin fudul kare ne mai saurin tsorata, kuma wanda aka daka saboda ya dawo a makare, gobe ba zai dawo ba sam.

Ana cikin wannan sai ga matsalar gashi. Gashin fudul ba ya zuba kamar na sauran karnuka, tsawo yake ta yi. Daga wajen wata tara gashin yarinta mai laushi yakan fara sauyawa zuwa na manya, sai su cakuɗe su dunƙule, musamman a bayan kunne da hammata. A ƙarƙashin wannan dunƙule ne kaska take ɓuya. Dole kullum in sa mataji in bi shi har fata, kuma duk bayan mako shida a yi masa aski. Askin nan na ado da ake gani a hotuna, mai tuntu a ƙafafu da wutsiya, an ce maharba ne suka faro shi don gaɓoɓin kare su sami ɗumi a ruwan sanyi. A zafin Badun ba ma bukatarsa, ƙasa-ƙasa muke yi masa. Kunnuwansa kuma da yake a rufe suke, sai ana dubawa ana gogewa, in ba haka ba su yi ciwo.

Saura kwana tara wa'adi ya cika, mai kawo ruwa ya bar ƙofa a buɗe, Auduga ya nufi titi. Kawu yana zaune a kan tabarma yana kallo. Na ce "zo" sau ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi titi, ya dube ni, sannan ya juyo ya zauna a gabana. Kawu bai ce uffan ba, kuma har wa'adin ya wuce bai sake tayar da maganar ba. Ba a ranar aka gama ba, don ya ci gaba da 'yan tsiyatakunsa har ya haura shekara ɗaya da rabi. Yanzu ya nutsu, kuma ko ɓera ya taɓa ƙofa da dare sai ya sanar da gida. Mutumin da ya ce a fitar da shi, shi ne yake tambaya ko an ba "karenmu" abinci.

Shawarata ga duk wanda zai karɓi ɗan kwikwiyo ita ce ya yi lissafin shekara biyu, kada ya tsaya a kan watannin farko masu daɗi. Ya tanadi lokaci, da kuɗin allura da na aski, ya kuma sani cewa akwai watannin da zai ga kamar duk wahalarsa ta tashi a banza. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karya shi yake yi. Mu da yawancinmu ba mu daɗe da fita daga wannan mataki ba, ya kamata mu tuna da iyaye da malaman da suka yi ta kiranmu muna karkata kai, ba su kuma fasa kira ba. Allah ya saka musu da alheri.