In Mai Riƙon Dukiyar Maraya Ya Ci Amana

Zancen da na ɗauko yau mai nauyi ne, watau abin da mace za ta yi in wanda alƙali ya damƙa wa dukiyar 'ya'yanta marayu ya juya yana cinta.

Ni malama ce, a Dareta ta ƙasar Anka nake koyarwa. Kun san sunan garinmu tun 2010, shekarar da gubar dalma ta dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Waɗansu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, ko sun girma sai an riƙe musu abinsu. Ban da wannan, ga ramin haƙar zinariya da kan rufta da magidanta, ga kuma 'yan bindiga. Shi ya sa marayu suka yi yawa daga nan har Gummi.

In an raba gado, ba a ba ƙaramin yaro rabonsa a hannu. In uban ya bar wasiyyi, shi ke riƙewa. In bai bari ba, alƙali ya naɗa wani, galibi baffan yaran. Da yawansu masu tsoron Allah ne, sukan juya dukiyar har ta ƙaru. Amma wani, ajiyar nama ce aka ba kura.

Akwai wata yarinya a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai, da ta daina zuwa. Na bi ta gida, uwar ta ce babu kuɗin littafi. Alhali kuwa uban ya bar gona biyu da shanun huɗa da injin niƙa. Baffan ya sayar da gona guda, ya ƙara aure. Na ce mata me ya hana ta magana? Ta ce, "Malama, alƙali ne fa ya ba shi, ni wace ce?"

To, nan ne mata da yawa ke ruɗewa. Alƙali ajiya ya ba shi, wanda ya ba da ajiya kuwa yana da ikon tambayarta. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, in ha'incin mai riƙo ya tabbata, sai a tsige shi a naɗa wani, abin da ya ci kuma ya biya daga aljihunsa. Ba ya sayar da gonar maraya sai da dalili mai ƙarfi na amfanin yaron. In ya saya wa kansa wani abu daga cikin gadon, alƙali zai sake duba cinikin, in da cuta ya warware shi. Ran da yaro ya balaga, hankalinsa ya zauna, a gaban shaidu ake miƙa masa dukiyarsa, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni. Wanda ya ce ya miƙa, ba shaida, ba a karɓar maganarsa. Ku sani kuma reno dabam, riƙon dukiya dabam. Yara suna ɗakinki, ci da sutura da maganinsu daga dukiyarsu za a riƙa fitarwa ana ba ki.

Ga hanyar da za ki bi. Fara da manyan dangi da liman da maigari, gama sulhu ya fi, zumunci kuma abin tattali ne. In ya ƙi, tafi kotun da ta naɗa shi, ki roƙi a kira shi ya kawo lissafi: me ya karɓa, me ya kashe, me ya rage. In kina cikin kulle, kina iya wakilta wanki ko mahaifinki. In hukuncin bai gamshe ki ba, akwai Babbar Kotun Shari'a, sama da ita kuma akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta ikon sauraron ƙarar gado da wasiyya da riƙon yaro da na mai taɓin hankali. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, don haka ran da aka yanke hukunci ki tambayi magatakarda kwana nawa gare ki, ki nemi takardar hukuncin. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi Hukumar Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa hali. Cin amana kuma laifi ne a dokar laifuffuka ta Shari'a da Zamfara ta soma aiki da ita a 2000.

Uwar ɗalibar nan tawa ta tafi da wanta. Alƙali ya nemi lissafi, baffan ya kasa, aka karɓe riƙon daga hannunsa aka mayar da shanu da injin. Gonar kuwa ta ba da wuya, don ba wanda ya rubuta iyakarta ran rabon gado.

Saboda haka ku 'yanmatan makaranta, ga aikinku. Ran da ake rabon gado a gidanku ko maƙwabta, ku ɗauki littafi ku rubuta kome: gona da iyakarta, dabbobi da yawansu, kuɗi, kwanan wata, da sunayen shaidu. Duk abin da mai riƙo ya kawo daga baya, ko mudun gero ne, a rubuta. Wannan kariya ce ga maraya, kariya ce kuma ga baffa mai gaskiya, kada a zarge shi a banza.

Na san za a ce kin kai ɗan'uwan mijinki ƙara, ba ki da kunya. Amma abin na yaran ne, su kuwa ba su da bakin magana sai naki. Allah ya raya mana marayu, ya ba masu riƙo ikon tsare amana, amin. Haza wassalam.