Jirgin roba na Babana

Garinmu yana bakin tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi. Tafiyar ba ta kai kilometir 30 ba. Da damina Gulbin Gabi yakan kawo ruwa ya cika tabkin, har ya taɓa gonakin bakin gaɓa. Da bazara sai ruwan ya ja baya, ya bar laka da sawun shanu. Baƙi suna zuwa ziyarar kaburburan waliyyai da ke kewaye da tabkin, an ce su 99 ne. Mu kuwa abin da ke kai mu bakin ruwa kowace safiya, kifi ne.

Babana masunci ne, ubansa ma masunci ne. Kakana bisa gora ya yi su. Yakan kwanta bisa ƙaton gora, yana tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama ya jefa cikin goran. Baba shi ya yi jirgin katako. Amma katakon da muke samu ba maɗaci ba ne, farin katako ne da ake kawowa daga Najeriya. Shekara 3 ko 4 sai ya fara ruɓewa, ƙusoshi su yi tsatsa. Tun ina da shekara 8 aikina cikin jirgi ɗaya ne, kwarfe ruwa da wani tsohon kwano. Baba yana jefa birgi, ni ina kwarfa. Ranar da ba lakwal, tun asuba har hantsi bayana a duƙe yake.

A shekarar 2014, bayan an gama kaka, Baba ya tafi Maraɗi sayen zaren kalli. Sai ya bi ta ƙofar wani mai sayar da tsofaffin kayan Turai, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano, a ɗoro su bisa manyan motoci. Tsakanin tsofaffin kekuna da kujeru, ga wani ɗan jirgin ruwa kore jingine da bango. Na roba ne. Tsawonsa metir 3, faɗinsa ya ɗara metir 1. Ba ƙusa, ba haɗi, kamar an zuba shi cikin tukunya an juye. Mutum biyu suna ɗaga shi. Mai kaya ya ce jikka 120. Suka yi ta ja har la'asar, ya sallama a jikka 85.

Jikka 30 kaɗai Baba yake da ita. Da dare na ji shi yana magana da Inna. Inna tana da raguna biyu da take kiwo, don ta saya wa Yayata kayan ɗaki, an sa bikinta da ɗari.

Baba ya ce, "Uwargida, wannan jirgi ba ya ruɓa, ba ya yoyo. Kafin biki na mayar miki da kuɗinki."

Inna ta ce, "Malam, ka taɓa ganinsa bisa ruwa?"

Ya ce, "A'a."

Ta yi shiru. Can ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Ranar kasuwa ni na ja ragunan da hannuna.

Da aka sauke jirgin daga bisa mota, gari duk ya fito kallo. Wani abokin wasan Baba ya kewaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, "Malam, ashe bahon wanka ka sayo wa iyali!" Aka fashe da dariya. Tun daga ranar sunan ya bi shi. Har mu ƴan gida Baho muke ce masa.

Kashegari muka sa shi ruwa. Da fari na yi murna ƙwarai, don ƙasan jirgi a bushe yake, na ajiye kwanona na miƙe ƙafa. Amma wajen hantsi sai Baba ya ce jirgin ya yi nauyi. Muka duba, ba ruwa ko ɗigo. Da muka fito gaɓa, mutum huɗu suka kasa ɗaga abin da mutum biyu suka ɗaga jiya. In an girgiza shi sai a ji ruwa yana ƙara a ciki, kamar tulu.

A nan muka gane yadda aka yi shi. Bango biyu gare shi, na ciki da na waje, tsakaninsu iska. Akwai wani ɗan murfi a baya, da Baba ya kwance shi sai ruwa ya yi ta zuba. Muka kife jirgin. A ƙarƙashi, wajen da masu shi na fari suka riƙa jansa bisa duwatsu, ga tsaguwa ta kai tsawon tafin hannu. An shafe ta da koren fenti don kada a gani. Baba ya daɗe yana kallonta. Bai koma wurin mai kaya ba, ya san abin da zai ji: ciniki ya faɗa.

Aka ce masa akwai mai gyaran jikin mota a Maraɗi, yana liƙe robar gaban mota da wani ƙyalle fari mai ƙaiƙayi da wani ruwa mai kauri kamar zuma. Baba ya ɗauko shi, ya biya masa mota, ya ba shi jikka 7. Ya shimfiɗa ƙyallen, ya shafa ruwan, ya bushe ya yi tauri kamar dutse. Kowa ya ce aiki ya yi kyau. Kwana 6 muka yi. Ran na bakwai liƙin ya ɓare gaba ɗaya, kamar saɓar maciji, bai bar ko tabo ba.

Wannan mako shi ne mafi wuya a gidanmu. Tsohon jirgin katako Baba ya riga ya ba wani maƙwabci. Ba kifi, Inna ba ta da abin banda, ba ta da abin suya. Aka aika wa dangin ango cewa a ɗaga biki. Inna ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Sai ta kawo tuwo ta ajiye, ta koma ɗaki. Yayata kuwa ta daina fita ɗiban ruwa da ƙawayenta.

Wanda ya fid da mu, ba wanda ya taɓa tsammaninsa. Wani tsoho ne mai liƙin bokiti da buta, yana zama gindin bedi ranar kasuwa, da ɗan murhun gawayi da ƙarafa uku. Ni na je kai masa butar Inna, na ba shi labari. Ya ce, "Jikana, je ka ce wa ubanka ina zuwa in gani."

Da ya zo bai yi gaggawa ba. Ya kankaro ɗan ɓarɓashin jirgin da wuƙa, ya jefa cikin ƙwarya da ruwa, ya taso sama. Ya kankaro wani, ya kai shi ga wuta. Ya narke yana ɗiga, yana warin kyandir. Tsoho ya ce, "Malam, wannan ɗan'uwan bido ne. Ba ya shan gam, ko wane iri ne. Sai wuta, sai naman jikinsa."

Daga baya, da na shiga kwaleji, na gane abin da tsohon yake nufi. Jiragen da muke kira na roba iri biyu ne. Akwai na faiba, wanda ake yi da zaren gilas da wannan ruwa mai kauri. Shi in ya fashe, aikin mai gyaran mota daidai ne. Akwai kuma na poliyetilan, robar da ake yin bidon mai da ita. Jikinta santsi gare shi kamar an shafa kitse, gam ba ya kama ta. Amma tana narkewa da zafin da ya kai digiri 120 zuwa 130. Tafasasshen ruwa, da ke digiri 100, ba ya narkar da ita, ƙarfe mai zafi kuwa yana yi. Ku juya bidon gidanku ku duba gindinsa. Sau da yawa za ku ga ƴan kibiyoyi uku sun yi kusurwa uku, da lamba 2 a tsakiya. Ita ce wannan roba.

Ga yadda ya yi aikin, don ina tsugune gabansa ina fifita wuta. Ya bar jirgin kife cikin rana kwana biyu, murfi a buɗe, har cikinsa ya bushe. Ya zafafa ƙusa, ya huda ɗan rami a kowane bakin tsaguwar, ya ce ramin ne zai hana ta ci gaba da gudu. Ya fafe tsaguwar da wuƙa ta yi kamar kwari. Ya yanka wani tsohon bido siriri-siriri, ya wanke da toka don ya fid da mai. Sa'an nan ya riƙa narkar da bakin tsaguwa da ɗan yankin bido tare, yana dannawa, kaɗan-kaɗan. In ƙarfe ya yi ja sai ya jira ya huce. Ya ce robar da ta yi hayaƙi ta ƙone, ba ta riƙo. A ƙarshe ya yanko ragar waya ta rariya, ya nutsa ta cikin robar mai laushi, ya rufe da wani yanki. Liƙin ya fito rawaya bisa kore, ba kyan gani. Da Baba ya tambayi ladansa, sai ya ce dala 200 da tarwaɗa biyu in an kama. Shekara 8 liƙin nan ya yi bai motsa ba.

Yoyo ya ƙare, saura tuƙi. Waɗanda suka ƙera jirgin sun yi shi don a zauna tsakiya da filafili biyu, mutum yana ja yana tafiya da baya. Baba ya gwada sau ɗaya ya ce, "Ni ban iya ba wa inda za ni baya ba." Ya cire ƙarafan da ake saƙala filafilan, don suna kama birgi suna yaga shi, tsoho ya toshe ramukan. To, amma jirgi gajere mai faɗi, in an tuƙa shi da filafili ɗaya, juyi yake yi wuri ɗaya. Ga shi ba nauyi. Iskar ɗari in ta taso daga arewa maso gabas, sai ta kwashe mu kamar ƙwarya.

Kawuna kafinta ya ce a buga masa dogon katako a ƙarƙashi. Baba ya ce ba mai sake huda masa jirgi inda ruwa ke taɓawa. Suka yi gardama kwana biyu. A ƙarshe suka lura da wani faifan katako mai kauri a bayan jirgin, wurin da ake ɗaura inji. Kawu ya samo guntun maɗaci, ya ɗaure shi a nan da noti biyu, ya sa robar cikin taya tsakani. Katakon ya sauka cikin ruwa kamar kamu ɗaya, muka sa masa suna wutsiya. Daga ranar jirgin ya riƙa tafiya sak. Kawu ya kuma jera ƴan katakai a ƙasa, don roba in ta jiƙe da yauƙin tarwaɗa ba a iya tsayuwa bisanta, kuma ƙayar ƙurungu ta daina samun ƙafata.

Don goshin jirgi ya zauna cikin ruwa, da fari buhun rairayi muka sa. Sai Baba ya sake tunani, ya ce ran da ruwa ya shiga, rairayi ƙasa zai ja mu. Ya maye shi da bido cike da ruwa. Cikin jirgi yana da nauyi, cikin tabki kuwa ba ya ja ƙasa. Ya ɗaure bido biyu wofi a ƙarƙashin wurin zama, baki a rufe. Bidon litir 25 in ba kome cikinsa yana iya ɗaga kusan kilo 25. Ya kewaye bakin jirgin da igiya. Kwanona ma ya huda shi ya ɗaure. Na ce, "Baba, ai ba sauran kwarfa." Bai ba ni amsa ba.

Kifi ya fara shigowa. Faɗin nan da aka yi wa dariya shi ya sa Baba yake tsayawa ƙyam ya jefa birgi, jirgi bai karkata ba. Muna shiga wurare marasa zurfi cikin ciyawa, inda karfasa take taruwa. Aka yi bikin Yaya da bazarar 2015, wata huɗu bayan ranar da aka sa da fari. Kayan ɗakin ba su kai yadda Inna ta so ba. Rago na biyu sai a 2016 Baba ya gama biyansa.

Da daminar 2015 ne hadari ya same mu tsakiyar tabki. Mun ga ya haɗo a gabas, amma kalli na cikin ruwa, Baba ya ce mu ƙarasa ɗagawa. Kafin mu gama iska ta iso da ƙura. Taguwa ta farko ta jiƙa mu, ta biyu ta cika jirgin har gwiwata. Kifin da muka kama ya koma inda ya fito, filafili ya tafi. Na kama igiya da hannu biyu ina kiran Inna. Jirgin ya nutsa, ya nutsa, sai ya tsaya. Bakinsa ya rage kamar yatsa huɗu bisa ruwa. Baba ya zame cikin tabki don ya rage nauyi, ya riƙe igiyar baya, ya juya goshin jirgi wajen taguwa. Ya ɗaga murya ya ce, "Auta! Ina kwanonka?"

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kwarfa ba. Iska ta kai mu cikin ciyawar yamma, ƙafar Baba ta taɓa ƙasa. Muka iso gida bayan magariba, muka tarar da Inna tsaye bakin ruwa da fitila, zanenta sharkaf. Ta dube ni, ta dubi Baba, ta dafa bakin jirgin. Ta ce, "Ku zo ku ci tuwo, ya huce."

Abin da ruwa bai yi wa Baho ba, rana ta yi masa. Baba ya yi masa rumfar zana, amma rabin yini yana bisa tabki. Korensa ya koɗe, jikinsa ya fara fari-fari, in ka goga hannu sai gari ya biyo ka. Wajen 2022 robar ta yi ƙanƙas, in an liƙe nan sai can ya tsage. Tsoho mai liƙi ya riga ya rasu, ɗansa ya zo ya duba ya ce ba sauran wurin da wuta za ta kama. Baba ya koma jirgin katako.

Muka ɗauko Baho mu huɗu muka kai shi bayan gida. Bangon ciki bai fashe ba, yana riƙe ruwa. Inna ta ce a ajiye mata shi gindin magarya, kusa da turke. Tumakinta bakwai ne yanzu, a cikinsa suke shan ruwa.