Akwatin Lefe: Uwargida, Duba Ƙashinsa Kafin Rigarsa

 Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da babu ɗakin da babu shi, kuma babu auren da ake ɗaurawa a ƙasar Hausa ba a yi magana a kansa ba, wato akwati. Ke kanki shaida ce, idan aka kawo lefe gida, mata sukan zagaye tabarma, wata na ƙirga akwatuna, wata na ɗaga atamfa tana duba bakinta, wata na shinshina turare. Amma da wuya ki ga wadda ta juya akwatin ta duba gindinsa, ko ta zuge shafin cikinsa ta ga da me aka haɗa shi. Alhali kuɗin da aka zuba wajen sayen saitin nan gumin wani saurayi ne na wata da watanni, wani lokacin ma har da adashin mahaifiyarsa. Kuma a cikinsa ne yarinya za ta adana suturar da za ta rufa mata asiri shekaru masu yawa.

Ita kanta kalmar lefe, asalinta sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a cikinsa ake zuba kayan aure a kai gidan amarya. Kakata, Allah Ya jiƙanta, har ta bar duniya tana da adudunta, saƙaƙƙe ne aka lulluɓe shi da jar fata, kuma idan ta buɗe shi ƙamshin kafur da turaren wuta ne ke fara tarbar mutum. Daga nan aka shiga zamanin kwalla, aka zo kan fantimoti da adakar ƙarfe mai fenti da kwaɗo. Mahaifiyata har yau adakarta tana ƙarƙashin gado, ta girme ni, kuma in banda 'yar tsatsa a kusurwa ɗaya babu abin da ya same ta. Sai kuma akwatin Echolac ya shigo, sunansa ya bi bakin mutane har ya zama kowane akwatin zamani da shi ake kiransa. Yanzu kuwa muna zamanin saiti, babba ya haɗiye na tsakiya, na tsakiya ya haɗiye ƙarami, ga kit na sarƙa da kayan kwalliya a gefe.

Shi wannan akwati na zamani, 'yar'uwa, don matafiya aka ƙirƙiro shi. A shekarar 1858 wani maƙerin akwatuna a birnin Paris na ƙasar Faransa, mai suna Louis Vuitton, ya fito da akwati mai shimfiɗaɗɗen murfi wanda aka lulluɓe da yadi mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa. Kafin nan murfin akwatuna a tudu yake don ruwan sama ya riƙa gangarewa, wanda hakan ya sa ba a iya ɗora wani a kan wani a jirgin ƙasa ko na ruwa. Kamfanin Rimowa na ƙasar Jamus ya yi na alminiyam a 1937, sannan a shekarar 2000 ya fito da na wata roba mai suna folikabonet. Taya kuwa ba ta daɗe ba. Wani Ba'amurke mai suna Bernard Sadow ne ya sami rajistar akwati mai taya huɗu da igiyar ja a 1972, sannan a 1987 wani matuƙin jirgin sama mai suna Robert Plath ya tsayar da akwatin a kan taya biyu, ya sa masa mariƙin da ake zarowa a mayar. Duk waɗannan mutane tunaninsu yana kan mai tafiyar kwana bakwai da riga biyar. Mu kuwa mun mayar da akwati durowar ajiya, muna danna masa turmi ashirin na atamfa da shadda da leshi mai duwatsu, mu ɗora wasu huɗu a kansa, ya shekara a haka cikin zafin bazara da laimar damina. Don haka abin da za mu nema a jikinsa ya sha bamban da abin da Bature ke nema.

Abin da ya sa na mayar da hankali kan wannan batu shi ne abin da ya sami ƙanwata. An kawo mata saiti mai ɗaukar ido, launin ruwan zuma mai sheƙi kamar fata, kowa ya yaba. Damina ɗaya aka yi, sai jikin akwatunan ya fara saɓulewa yana zuba kamar dusa, babban ya lotsa a tsakiya har murfinsa ya daina haɗuwa, sannan hunhuna ta kama mata leshi biyu da ko ɗinkawa ba ta yi ba. Ta rasa yadda za ta gaya wa mijinta, domin ta san har lokacin bai gama biyan bashin bikin ba. Mai shagon da ya sayar kuwa cewa ya yi kaya in sun fita sun fita. Muka ɗauki babban muka kai wa wani dattijo mai gyaran jaka da akwati a bakin kasuwa. Bai ce komai ba, sai ya zuge shafin ciki ya ce, "Malama, leƙa ki gani." Kwali ne a ciki, irin na katan, an manna masa siririn soso da gam, sai wata waya da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba ta zagaye bakin. Rabin sa'ar da na yi a rumfarsa ta koya mini abin da ban karanta a kwaleji ba, na kuma ƙara da nawa binciken daga baya.

Akwatin yadi kamar ɗan'adam yake, yana da ƙashi yana da riga. Ƙashin, wanda masu sana'ar ke kira firam, shi ne ke riƙe da siffarsa. A masana'anta ana lanƙwasa ƙarfe ko wata roba mai ramuka kamar saƙar zuma ta zagaye jikin akwatin, a sa allo mai tauri a gindi inda taya da mariƙi za su zauna, a ƙarfafa kusurwoyi huɗu da roba mai kauri. Daga nan sai a yanka yadin bisa awo, a ɗinka masa aljihu da zif, a sa igiyar roba a bakin ɗinkin don ya tsaya, sannan a sanya wa ƙashin rigarsa kamar yadda ake sa wa matashi riga. A ƙarshe ne ake ɗaura taya da mariƙi, a rufe komai da shafi. To, da yake shafi ya rufe komai, a nan ne mai son zuciya yake rage kaya, ya sa kwali a inda ya kamata a sa roba. Kwali kuwa da ya sha laima ya gama aiki, kuma shi ne abincin gara da kyankyaso.

Ita ma rigar iri-iri ce. Akwai foliyesta, akwai nailan, kuma a takardar da ke rataye a jikin wasu za ki ga lamba da harafin D a gabanta, kamar 600D ko 1680D. Wannan lamba kaurin zaren take nunawa, idan ta yi sama zaren ya fi kauri, kodayake nailan ya fi foliyesta juriya ko da lambarsu ɗaya. Wadda ta fi yaudararmu ita ce mai kama da fata. Yawancinta yadi ne aka shafa wa wata roba a sama aka buga mata zanen fata, kuma zafi da laima suna narkar da wannan shafe ko da ba a taɓa akwatin ba. Shi ya sa za ki ga akwatin da aka ajiye a saman durowa yana ɓarewa da kansa, ki yi ta zargin yara ko ɓera. Fatar gaskiya tana da wari irin nata, bayanta yana da gashi-gashi, kuma tsadarta ba ta barin a yi saiti shida da ita a kuɗin da ake faɗa miki.

Shi kuma akwatin roba mai tauri, jikinsa shi ne ƙashinsa. Ana ɗauko fallen roba a gasa shi har ya yi laushi, a kifa shi a kan wata siffa ta ƙarfe, a zuƙe iskar da ke tsakaninsu har ya kama siffar, in ya huce a datse gefensa. Haka ake yin ɓari biyu, a haɗa su da zif ko da firam na alminiyam mai makulli. Layukan da kike gani a jikinsa suna ƙara masa ƙarfi, kamar dai yadda kwanon rufi yake da tudu da kwari. Mafi araha ita ce robar da ake kira ABS, tana da tauri amma tana tsagewa in ta sha duka, kuma rana tana sa ta gautsi. Folikabonet takan lotsa ta dawo, ga rashin nauyi, sai dai ta fi tsada. Akwai kuma folifurofilin, wadda ake narkawa a ɗura a cikin siffa, ita ma tana da juriya ƙwarai. Da yawa daga cikin na kasuwa ABS ne aka yi wa siririn lulluɓi na folikabonet don ya yi sheƙi, mai shago kuma ya kira shi da sunan mai tsadar. Galibin waɗannan kaya daga ƙasar Sin suke zuwa, inda garuruwa irin su Baigou da Pinghu suka shahara da wannan sana'a, kuma a can ana yin mai kyau ana yin na banza, ya danganta da abin da ɗan kasuwa ya biya aka yi masa.

Saboda haka idan kin shiga kasuwa, ko Sabon Gari ce ta Kano ko ta garinku, kada kunya ta hana ki bincike, domin kuɗinki ne. Ki sa a fito miki da kowane ɗaya daga cikin ɗan'uwansa, ki buɗe, ki zuge zif ɗin shafi ki sa hannu ki taɓa abin da ke baya. Ki danna gefensa da tafin hannu, in ya lotsa bai dawo ba ki bar shi. Ki duba taya da mariƙi, in da noti aka ɗaure su, ranar da suka lalace mai gyara zai kwance ya sa wasu, in kuwa ƙusa ce aka dasa, gyaran yana da wuya. Ki zaro mariƙin har ƙarshe ki girgiza, ki ja zif ki kai shi kusurwa sau uku ki ga ko yana cijewa. Zif mai tambarin YKK na kamfanin Japan an san shi da ƙarko, sai dai shi ma ana yin jabunsa, don haka hannunki ne zai gaya miki gaskiya. Ki shinshina cikinsa, in warin gam ya buge ki, ki sani zai kama tufafi. Idan kuma na tafiya Hajji ko Umara ne, ki ɗaga shi babu kaya ki ji nauyinsa, domin jirage da dama kilo 23 suke ba kowace jaka, kuma babban akwati shi kaɗai yakan cinye kilo 4 zuwa 5. Ki kuma sani cewa zif na gama-gari ana iya ɓarka shi da bakin biro ko da kwaɗo a jiki, don haka kuɗi da zinare a jikinki ya kamata su zauna.

A gida kuma, kada ki ajiye akwati a kan siminti kai tsaye, ki sa masa katako a ƙasa, ki ɗan janye shi daga bango. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kuma kada jerin ya wuce uku. Kada ki sa tufafin da bai gama bushewa ba, ko wanda aka fesa wa turare yanzun nan. Idan damina ta wuce, ki fito da komai ki shanya a inuwa, ki bar akwatin a buɗe ya sha iska wuni guda.

Saura maganar yawa, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A ajin matan aure da nake koyarwa na sha jin ana cewa wance an kawo mata goma sha biyu, wance ashirin da huɗu. Na kuma san samari masu addini da sana'a da suka fasa neman aure saboda tsoron wannan lissafi, ga 'yan mata a gida shekaru suna tafiya. Mu tuna cewa sadaki ne wajibi, lefe kuwa al'ada ce da kyautatawa, kuma addininmu ya hana almubazzaranci ya kwaɗaitar da sauƙaƙa aure. Shi kansa ɗan kasuwa ya gane cewa ƙirga muke yi, shi ya sa yake kawo mana kwali mai sheƙi guda shida a kuɗin nagari guda biyu. Mu iyaye mata mu ne muke karɓar lefe, mu ne muke kaiwa, kuma bakinmu ne samari ke tsoro. Idan uwar amarya ta aika wa dangin ango cewa akwati biyu ko uku masu ƙarko sun wadatar, ragowar kuɗin a sa a abinci ko jarin yarinya, babu wanda zai raina ta sai wanda bai san ciwon kansa ba. Idan kuma ke ce uwar ango, ki je kasuwar da kanki, ki zaɓa wa surukarki abin da za ki so a zaɓa wa 'yarki.

Allah Ya ba 'ya'yanmu mazaje da mata nagari, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sanya albarka a cikin ɗan abin da muka mallaka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.