Ciyar da Ƙananan Kifaye Masu Gudun Saman Ruwa

Yawancinmu mun san kifi ne a cikin miya, ko a kan tiren mai suya a bakin tasha. Ajiye shi da rai cikin akwatin gilashi domin kallo, abin da Turawa suke kira akwariyum, baƙon abu ne a gidajenmu. Ko a Ingila ma, sai a shekarar 1853 aka buɗe wa jama'a ɗakin kallon kifi na farko, a gidan namun daji na Landan. Amma yanzu ana sayar da kifayen ado a manyan garuruwa kamar Yawunde da Duwala, waɗansu 'yan'uwa kuma sun soma ajiye su a ɗaki. Da yake an san ina da su a gidana a nan Ngaundare, akan tare ni da tambaya guda: "Malam, na zuba musu abinci, yana ta yawo a bisa ruwa, su kuwa sun lafe a ƙasa sun ƙi hawa. Ba yunwa za ta kashe su ba?" Bari in amsa da abin da na gani da idona.

Akwatina yana cin ruwa lita 60. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta bar mini shi sa'ad da za ta koma ƙasarsu. Kifayen kuwa ƙanena ya kawo su daga Yawunde ta jirgin ƙasa na dare, a ƙulle cikin leda: guda 8 na irin da ake kira niyon tetira, guda 6 kuma koridoras. Kwana huɗu cur ba wanda ya taɓa abinci a cikinsu. 'Yata ta zo mini da hawaye ta ce, "Baba, ka ƙara musu, wataƙila bai ishe su ba." Na ce mata, "A'a, 'yata, ba ƙarancin abinci ke damunsu ba. Tsoro ne."

Domin a gane wannan tsoro, sai a san inda suka fito. Niyon tetira ɗan ƙanƙani ne, tsawonsa kamar santimita 3, da zane shuɗi mai walƙiya a gefensa da ja wajen wutsiya. Asalinsa ƙananan rafuffuka ne na yankin kogin Amazon, a ƙasashen Peru da Kolombiya da Brazil, kuma a shekarar 1936 masana suka raɗa masa suna. Itatuwan kurmi sun rufe waɗannan rafuffuka da inuwa, busassun ganye suna zuba a ciki har ruwan waɗansu ya yi launin shayi. A can, mutuwa takan sauko daga sama, daga bakin zalɓe da sauran tsuntsaye masu cin kifi. Ko da an haifi kifin a gidan kiwo, wannan hali yana cikin jininsa. To, ka ɗauko irin wannan halitta, ta kwana tana jijjiga cikin jirgi, ka sa ta cikin ruwa garau ƙarƙashin fitila mai haske, sa'an nan ka tsaya a kanta ka miƙa hannu. Inuwarka a wurinta inuwar zalɓe ce. Hausawa sun riga sun faɗa: kifi na ganinka, mai jar koma.

Bayan tsoro, akwai ƙirar baki. Ka duƙa ka dubi bakin kifinka, zai gaya maka inda yake cin abinci. Wanda bakinsa ya ɗaga sama, kamar gupi, a bisa ruwa yake kiwo. Wanda bakinsa yake tsaye a gaba, kamar tetira, a tsakiyar ruwa yake cafke abin da ke saukowa. Wanda bakinsa yake ƙarƙashi da 'yan gashin baki, kamar koridoras, a ƙasa yake tone-tone, kamar yadda kurungu yake yi a kogunanmu. Za ka ga koridoras ya harba sama kamar kibiya ya komo nan da nan. Kada wannan ya ruɗe ka. Iska ya je haɗiya, gama yana iya shan iska ta hanjinsa. Abincin gwangwani kuwa, mai kama da ɓawon albasa, wanda aka soma yi a Jamus cikin shekarun 1950, yakan daɗe yana iyo kafin ya nutse. Ya dace da gupi, amma ga sauran, kamar an ajiye wa yaro tuwo ne a kan rufin ɗaki.

Abu na fari da za ka yi shi ne haƙuri. Babban kifi mai lafiya yana iya yin mako guda bai ci ba, ba abin da zai same shi. Abin da ya fi kashe su shi ne tausayin mai su. Ya ga ba su ci ba, ya ƙara; da yamma ya sake ƙarawa. Abincin ya nutse ya ruɓe, ya haifar da wata guba da ake kira amoniya, wadda take ƙona matsatsar numfashin kifi. A tsohon akwati akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune cikin matacin ruwa da tsakuwa, suna karya wannan guba. A sabon akwati sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Saboda haka a waɗannan makonni, ƙarin abinci ƙarin guba ne.

Abu na biyu, ka kai musu abincin inda suke. Ni nakan ɗibi kaɗan tsakanin yatsu biyu, in murtsuke shi, in jiƙa cikin ɗan kofi da ruwan akwatin na minti ɗaya. Sai in zuƙe shi da sirinji marar allura, in sa bakinsa cikin ruwa kusa da inda matacin yake turo ruwa, in matsa a hankali. Gutsattsarin sukan bi ruwan suna saukowa kamar masu rai, tetira kuwa ba ya iya ƙyale abin da ya gilma ta gaban bakinsa. A rana ta biyar ɗaya ya cafka, sauran suka bi shi. Ga koridoras akwai abinci mai kamar ƙwayar magani wanda yake nutsewa kai tsaye. Nakan jefa musu bayan an kashe fitila, gama sun fi sakin jiki cikin duhu-duhu. Ma'aunin shi ne abin da za su cinye cikin minti 2 ko 3. Abin da ya ragu a ƙasa, a zuƙe shi da siririn tiyo.

Abu na uku, ka mai da saman ruwan wurin da ba abin tsoro. A nan kainuwa ta yi mini aikin da kuɗi ba su yi ba. Na ɗebo ta a tafki, na wanke, na bar ta cikin bokiti mako guda domin in tabbata ba ta ɗauko tsutsar mazari ko matsattsaku ba, sa'an nan na sa ta rufe kamar sulusin saman ruwan. Ganyenta ya tare hasken, saiwoyinta masu reto suka zama maɓoya. Kada a bari ta rufe ruwan duka, gama ta bisa ruwa iska take shiga. Na kuma manna baƙar takarda a bayan gilashin. Yawansu ma yana da amfani: tetira kifin garke ne, in sun kasa 6 sai kowa ya zauna a firgice. 'Yata ce take ciyar da su yanzu, kowace safiya kafin ta tafi makaranta, a kusurwa ɗaya, a zaune bisa kujera 'yar tsugune domin kada inuwarta ta faɗa a kansu.

In kifi ya yi taurin kai ƙwarai, abinci mai rai yakan karya shi. Da damina ba a rasa 'ya'yan sauro masu wutsil-wutsil cikin tsohuwar taya ko fasasshiyar tukunya a bayan gida. A tace su da ƙyalle, a ɗauraye, a zuba kaɗan, sa'an nan a kifar da ruwan da aka same su a ciki. Da sun ji motsi sukan nutse ƙasa, su faɗa bakin mai jiransu. A ba da iyakar abin da za a cinye nan take, domin wanda ya tsira zai zama sauro a ɗakinka cikin 'yan kwanaki.

Sai a lura da sanyi. Garinmu yana kan tudu da ya haura mita 1,000, daren Disamba da Janairu kuwa ba wasa. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. In ruwan ya yi sanyi, cikinsa ba ya narka abinci da sauri, sai ya rage ci. Waɗannan kifaye sun fi walwala tsakanin digiri 23 da 26. Ɗan ma'aunin zafi na gilashi ba shi da tsada, yana kuwa raba gardama.

Akwai lokacin da haƙuri ya ƙare. In mako ya wuce ba su ci ba, cikinsu ya lotsa, launinsu ya koɗe, sun naɗe fikafikansu, ko fararen ɗigo kamar gishiri sun fito a jikinsu, to, ba tsoro ba ne kuma. Haka nan in ka ga dukansu sun taru a sama suna haki, kada ka yi murna cewa sun hau. Iska ce ta yi musu kaɗan, ko ruwan ya ɓaci. Ruwa ba ya tsami banza. Ka dakatar da abinci, ka kwashe rubu'in ruwan, ka mayar da sabo. In na famfo ne, ya kwana a buɗaɗɗen bokiti tukuna, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin da masu sayar da kifi suke da shi.

Bayan mako uku tetirorina suka soma hawa ƙarƙashin kainuwa, su fizgi abinci su komo da gudu. Koridoras kuwa har yau ba su taɓa cin kome a sama ba, ga su nan kuwa ɓul-ɓul. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin kifi, ka roƙi mai sayarwa ya zuba musu abinci a gabanka. Ka dubi inda kowanne ya tsaya ya ci, ka sayi abincin da zai kai wurin.