Starkville na Jiran 'Ya'yanta, Dutse na Jiran Wa?

Starkville ƙaramin gari ne a jihar Misisipi ta kudancin Amurka, mutanensa kimanin dubu 25 ne. Jami'ar jihar, wato Mississippi State, ita ce ran garin. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa Mayu, hirar mutane ba ta wuce besbol, wasan da mai jifa ke wurgo ƙwallo, mai sanda ya maka mata duka ya ruga ya zagaye kusurwa huɗu. 'Yan wasan kuwa ɗalibai ne, da safe suna aji, da yamma suna fili.

Tsarin ne ya fi jan hankalina tun zuwana Amurka. Jami'o'i biyu kan kara sau uku a jere: Juma'a, Asabar da Lahadi. Wadda ta ci biyu ita ke da mako. Gwanin jifa na ƙungiya shi ake ajiye wa daren Juma'a, don haka tun Litinin ake musu: kafaɗar wane ta warke kuwa? Wa za a bai wa Lahadi? Ruwa zai bari a yi wasan Asabar? Wanda aka doke ranar Juma'a ba ya kwana da baƙin ciki mai yawa, domin gobe ma rana ce.

A bayan shingen filin Mississippi State, Dudy Noble, akwai rumfunan da iyalai suka daɗe suna riƙe da su. Tun da hantsi ake hura gawayi ana gashin nama, kaka da jikoki a wuri ɗaya, har 'yan wasan baƙi akan miƙa wa abinci ta saman shinge. A watan Afrilun 2023, mutum 16,423 suka shiga filin nan kallon karawa da maƙwabtansu na jami'ar Ole Miss. A 2021 kuma 'yan wasan Mississippi State suka ɗauko kofin jami'o'i na ƙasa a Omaha ta jihar Nebraska, inda ake wasan ƙarshe tun 1950.

Mu ma a Dutse ba a bar mu a baya ba wajen ɗokin ƙarshen mako. Tun Juma'a mai gidan kallo ya jingina allo a ƙofa, ya rubuta da alli: Arsenal da Chelsea, ƙarfe kaza. Ya tanadi man janareta, ya jera benci. A teburin mai shayi 'yan Madrid da 'yan Barca sun kaure da gardama, yaro ɗan sakandare yana lissafa 'yan wasa goma sha ɗaya ba tuntuɓe. Haka abin yake a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Zafin son wasa namu bai gaza nasu ba ko kaɗan.

Bambancin yana ga wanda ake jira. Mutumin Starkville yana jiran yaron da yake gani a kanti, wanda jami'ar garinsu ta raina. Mu kuwa muna jiran mutanen da ba su taɓa jin sunan Dutse ba. Kuɗin mutanen Starkville yana juyawa a garinsu, wajen mai abinci da mai masauki. Namu yana tafiya a fetur da kuɗin tauraron ɗan'adam. Filinsu na kowa da kowa ne, gidan kallonmu kuwa na samari ne zalla.

Alhali tsayawa bayan ɗan gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan kaka ta yi aka buɗe fagen dambe ko kokawa, gari guda ke fitowa bayan ɗansa, makaɗa na zuga shi da sunan ubansa da na garinsu. Wannan ɗabi'ar ce ba mu kai ta makarantunmu ba.

Ba cewa nake mu kwaso komai ba. Kuɗi ya yi wa wasannin jami'o'in Amurka katutu, tafiye-tafiye kuma na cinye lokacin karatun ɗalibai. Besbol ma ba namu ba ne, ƙwallon ƙafa ta ishe mu. Abin ɗauka shi ne jadawali tsayayye wanda kowa ya san ranarsa. Gasar jami'o'i ta ƙasa, NUGA, jefi-jefi take zuwa, kuma a gari ɗaya ake yin ta, ba ta isa ta shiga jinin mutane ba.

Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Ina kira ga shugabanninsu su zauna su tsara karawa a kowane zangon karatu, Asabar da Lahadi bayan la'asar, gida da waje, shiga kyauta, Rediyon Jigawa ya watsa kai tsaye. Kai kuma mai karatu, ranar da aka buga usur, ka riƙo hannun ɗanka ku je. Naka sai naka.